Masu yi mini waƙa su biyu

A shekarun da ruwa ya fara dawowa bayan babban fari, ina budurwa a Gure, mutum biyu ne suke yi mini waƙa. Ni murya kawai Allah ya ba ni, ban iya ƙaga baiti ba. In an ba ni waƙa sai in rera ta a gidan biki, ƴammata suna amshi da tafi.

Na farko malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da aka turo mana daga yamma, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malami da Faransanci. Yana da gita da rediyo mai kaset, da wani kaye mai shuɗin bango inda yake rubuta waƙoƙinsa. Shi sai ya gama waƙa tsaf, da kiɗanta da amshinta, kafin ya aika a kira ni. A cikin waƙoƙinsa akwai jirgin ƙasa, akwai teku, akwai fitilun birni, abubuwan da ban taɓa gani ba. In ina rera su sai in ji kamar zanen aro na ɗaura, mai kyau ƙwarai, amma a hankali nake tafiya kada in taka bakinsa.

Na biyu kawuna ne, wan mahaifiyata, mai garka, wato lambu, a wani kwari bayan gari, tsakanin tuddan rairayi. Bai san rubutun boko ba. Gurmi yake kaɗawa, shi ma sai ya gama ban ruwa. Kawu bai taɓa ce mini ga waƙa ba. Nakan kai masa fura da hantsi, in zauna gindin dabino ina ba shi labarin gida, yana jan guga yana gyaɗa kai. Bayan kwana uku sai in ji maganar da na yi ta fito daga bakinsa ta zama waƙa, rabi Hausa rabi Barbarci, kowane baiti yana tsayawa daidai inda numfashina yake ƙarewa.

Matan gari suka rabu biyu. Ƴammata na Mushe suke so, don su ake takawa. Tsofaffi kuwa na Kawu, wai su ne suke bin mutum har gida.

Wata rana Mushe ya ba ni sabuwar waƙa, ta wata mata da mijinta ya kora shanu kudu lokacin fari bai dawo ba. Mako guda muna fama. Duk na zo tsakiyarta sai muryata ta tsinke, shi kuma ya ajiye gita. Ina ta ƙunƙuninta a garka Kawu ya ji, ya ce in kawo masa mai ita.

Ranar Lahadi da la'asar muka gangara kwarin, Mushe da gita a baya da rediyonsa a hannu, takalmansa suna nutsewa cikin rairayi. Kawu ya shimfiɗa masa tabarma, ya saurari waƙar har ƙarshe.

"Mushe, matar nan a ina take jiran mijinta?"

"A tasha, Baba."

"Matar makiyayi ba ta zuwa tasha. Tudu take hawa, ta kare ido da hannu. Kuma ka ɗora waƙar can sama, ɗiyar nan ba tsuntsuwa ba ce."

Na zaci Mushe zai ji haushi. Sai ya ciro biro ya soke layi biyu. Da ya sake kaɗa amshin a ƙasa-ƙasa, Kawu ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Wannan juyin da ka yi, maimaita mini. Tun da nake ban taɓa jin irinsa ba."

Sau biyar ya maimaita kafin gurmi ya kama hanya. Daga nan ban san yadda lokaci ya wuce ba. Inuwar dabino ta miƙe ta rufe rijiya, kurciyoyi suna kuka, ƙasar da aka ba ruwa tana ƙamshi. Mushe ya danna kaset, na rera, kuma na wuce tsakiyar ban ma lura ba. Da ya mayar mana muka ji, sai na waiga ina neman mai waƙar. Ban taɓa jin muryata daga waje ba. Kamar wata mata ce can bayan tudu, wadda ta girme ni, ta san abin da ban sani ba.

Na rera ta a wani biki bayan sallar layya. Ba a yi rawa ba. Da aka tashi, wata mata mai tallan nono ta kama hannuna ta ce, "Ƴar nan, wa ya ba ku labarina?" Na ce ba kowa. Ba ta yarda ba, ta daɗe tana riƙe da ni.

Waƙar nan ita kaɗai Kawu da Mushe suka yi tare. Kafin damina aka mayar da Mushe wani gari, ya tafi da kaset ɗin, Kawu ya raka shi tasha da ƙunshin dabino. Shekara ta zagayo na yi aure aka kai ni Gamu, na bar waƙar biki. Ko can ban daɗe ba na ji ƴammata suna rera ta a bakin rijiya. Sun sauya wasu kalmomi, sun ƙara mata sauri. Na tambaye su ta wane ne, suka ce tsohuwar waƙa ce.