Malam Tukur, Wanda Ya Auna Yara da Kunnen Iyayensu

Duk hutun makaranta, da an idar da sallar asuba, Malam Tukur zai buga wa kekensa iska, ya ɗaure ƙafar wando, ya fita daga Dutsin-Ma. Yau Makera, gobe Kurfi, jibi Rawayau, gidan uban kowane yaro da yake koyarwa a makarantar Midil. Bana ya ajiye alli, shi ya sa ni, Rabo na Rawayau, zan yabe shi, ko da yake yabon mutum ba halina ba ne. Na ga yunwa, na ga fara, agana ta zane mani fuska ta gaji ta tafi. Ban taɓa zama a benci ba, kuma ba wanda ya taɓa yi mani wayo a kasuwa.

'Ya'yana biyu sun bi ta hannunsa. Sa'idu ya yi tsohon tsari, ana bayani da Hausa, ana kai su gonar makaranta. Kan Ummaru aka sauya, aka rage gona, aka ƙara Turanci. Malam ya so ya san wanne ya fi zama a kan yaro. Ba ya tambayar yaron da kansa. Sai ya zaunar da shi gabana ya ce, "Koya wa babanka abin da na koya maka. In ya gane, ka iya."

Sa'idu ya yi mani bayanin yadda gyaɗa ke gyara ƙasa, na gane, har na ƙara mashi. Ummaru kuwa ya miƙe ya zubo Turanci kamar ƙanƙara bisa kwano.

"Malam, wannan zagina yake yi?"

"A'a, Baba Rabo, yadda ruwan sama ke samuwa yake faɗi."

"To, ya faɗa mani mana. Ko ruwan Turawa daban ne?"

Yaron ya sunkuyar da kai, ya kasa mayar da maganar Hausa. Ran nan na ji tsoron da yunwa ba ta ba ni ba: ɗana zai girma ba mu da hira.

Malam bai yi dariya ba. Ya koma aji ya riƙa sa su maimaita kowane darasi da harshen gida, kuma kowace shekara ya dawo da tambayar nan tasa. A hutunsa na ƙarshe kafin ya gama makaranta, Ummaru ya ɗora tukunyar ruwa a wuta, ya kifa mata kwano, ya nuna mani ɗigon da ya taru. "Ga hadarinka, Baba." Na ce ai tun da can na sani.

Malam Tukur, kai ne mai keken da ba ya hutu. Kai ka dawo mani da ɗana, amma ka riƙe rabi. In ya zo daga wajen aiki gidanka yake fara sauka, ni da na ciyar da shi sai la'asar. Duk da haka na gode, Allah ya saka maka. Malamai, ku bi yara har gida ku ji abin da ya zauna.

Makon jiya aka yi sunan ɗan farin Ummaru. Na sa babbar rigata, na zauna gaba, na gyara kunne. Liman ya ce Tukur.

Na shafa fatiha. Ragon dai nawa ne.