Inuwar Baba Issaka a Kan Farin Dutse

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin wanke mota a ƙasan wani bene a unguwar Al Sadd da ke Doha, hannuna duk kumfa, Musa abokin ɗakinmu ya kira ni ya ce Baba Issaka ya rasu. Wai ya sauke ma'aikata a Al Wukair, ya kashe bas ɗin, ya kifa kai a sitiyari, mutane suka ɗauka hutawa yake. Na tsaya da tsumma a hannu. Daga baya na ƙarasa wankin, don ban san abin da ake yi a ƙasar nan ba idan naka ya mutu.

Baba Issaka mutumin Zangon Kumasi ne, direban bas ɗin kamfaninmu. Ni daga Funtuwa na zo, ana dab da fara gasar cin kofin duniya. Satina na farko ban ga komai ba sai ɗakin kwana da ƙasan bene, ga mahaifiyata kullum tana cewa in turo hoto. Baba ya gan ni ina ƙoƙarin ɗauka a jikin gadonmu mai hawa biyu, ya ƙwace wayar. Ya ce ba a nuna wa uwa wurin kwana a ƙasar nan, in jira Juma'a.

Ashe al'adarsa ce. Duk yaron da ya zo sabo, sai ya ari a-kori-kura ya kai shi Zikrit, can yamma, inda fararen duwatsu suka tsaya a bakin teku, iska ta cinye gindinsu ta bar kansu kamar laima. Masu manyan motoci suna ta ɗaukar hoto, mu ma muka shiga cikinsu. Yana da wata farar jallabiya gogaggiya a leda, ita kowa ke sawa. Ni ta yi min yawa, ya kama bayan da makamin shanya. Musa yana dariya yana cewa ga Alhaji mai rijiyar mai. Baba ya ce masa, "Rufe baki, kai da ka sa ta har ƙasa take shara." Ya hau da ni saman dutsen, ya juya min kafaɗa, ya ce in daina kallon ƙasa. "Yalla, ɗan Najeriya, yi dariya. Uwarka ce za ta kalla, ba kafil mai kamfani ba."

Mahaifiyata ta zaga da hoton nan gida-gida. An ce akwai iyaye mata biyu a unguwa ɗaya a Kumasi da suka nuna wa juna hotunan suka ga riga ɗaya a jikin 'ya'yansu. Da Baba ya ji, cewa ya yi ai yayinta ake a Doha.

Ranar da ya kai ni Zikrit na ce ya kawo wayar in ɗauke shi shi ma. Ya ƙi. Ya ce, "Ku yara ne, fuskarku ba ta iya magana ba tukuna. Tawa za ta tona asiri." Ban gane ba sai da Musa ya faɗa min a hanya. Baba ya bar matarsa, Mma Adiza, da ciki, korona ta rufe hanya, aka haifi Rahinatu bai gan ta ba. Da hanya ta buɗe aka ce babu hutu sai an gama gasa. Cikin shekarun nan ya rame, ya yi furfura, haƙoran gaba biyu suka zube. Ya daina kiran bidiyo, ya ce musu sabis ne babu kyau. Hoton dutsen da tekun kawai yake tura musu, babu kowa a ciki. Yarinyar ta taso tana cewa babanta a bakin ruwa yake zaune. Yakan ce idan ya koma gida ya ci tuwon Mma wata guda, sai a ɗauke shi hoto.

A nan Doha aka binne shi. Bayan sadakar uku Mma Adiza ta kira wayarsa, ni na ɗauka. Ba ta yi kuka ba. Ta ce abu ɗaya take roƙo, hotonsa na yanzu a wurin dutsen nan, ta nuna wa Rahinatu, don na aurensu kawai yarinyar ta sani. Na ce to Mma, in sha Allahu.

Mun duba wayarsa. Mu ne a ciki, yaro bayan yaro, riga ɗaya, dutse ɗaya. Na bi duk wanda ya taɓa kaiwa, har waɗanda kwantiraginsu ya ƙare suka koma gida. Babu mai hotonsa. Na jikin katin shaidarsa ne kaɗai, wanda aka ce kar ya yi murmushi. Sai a nawa hoton na lura, rana tana bayansa lokacin da ya ɗauka, inuwarsa ta kwanta a kan farin dutsen har gaban ƙafata, da hularsa, da gwiwar hannu a ɗage.

Shi na tura, sannan na kira ta. Na ce Mma, ki yi haƙuri, na jallabiyar ni ne, baƙin da ke ƙasa shi ne Baba. Can na ji muryar yarinyar tana tambaya, "To ina fuskar?" Mma ta ce Allah ya yi min albarka, ta kashe.

Jallabiyar tana nan a leda a saman gadonsa. Wani yaro ya zo sabo daga Tamale, ya ji labari, yana ta tambayar wace Juma'a za a kai shi. Babu wanda ya san hanyar cikin sahara a cikinmu. Kullum muna baya muna surutu, shi yana tuƙi.

Ya Allah ka jiƙan Baba Issaka, ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa a ƙasar da ba tasa ba. Kamar yadda ya rufa mana asiri a wurin iyayenmu, ka rufa masa ranar tsayuwa. Ka ba Mma Adiza haƙuri, ka raya Rahinatu, ka nuna mata fuskar babanta a Aljanna. Amin.