Laburaren Da Aka Hana Cewa A'a

An ba ni takardar tuhuma a kan laifin da ban yi ba, kuma wanda ya yi laifin shi ya sa mata hannu. Ranar Laraba ce, ƙarshen noman rani, har gobe kuma tana nan a raina. Ku sababbin ɗauka nake ba labarin, ba don ku tausaya mini ba.

Sunana Kulu. Da can kifi nake soyawa a tashar Argungu, sai da na haifi biyar kafin na iya rubuta sunana. Na shiga ajin manya, na yi sakandare da sa'o'in ɗiyana, na karanta kwamfuta a Birnin Kebbi. Shi ya sa a ofis ake ce mini Inna, a bayan ido kuma Yaƙi-da-Jahilci.

Ofishin na wata ƙungiyar manoman shinkafa ne, a unguwar Badariya, cikin Birnin Kebbi. Injin girbi biyu gare mu, manoma kuwa ba iyaka, don haka layi ake bi. Manomi zai je wurin malamin gona na yankinsa, shi kuma ya danna a waya cewa wane yana son inji. Wayar ba ta yanke hukunci. Aike take yi zuwa babbar kwamfutar ofis, wadda muke kira saba: sa wane a layi, ki faɗa mini ranarsa. Saba ta yi aikin ta maido da amsa. Shi ne kiran aiki daga nesa, RPC a bakin 'yan sana'a. Mai kai aiken ya dawo da amsar kuwa shi ne laburare, wato rubutun da aka yi sau ɗaya, duk manhajojinmu suna ara. Ni ke riƙe da shi.

Ƙa'idarsa ba ta da wuya. Kowane aike yana fita da lambarsa, amsa kuma sai ta dawo da wannan lambar kafin a yarda tasa ce. Haka nake yi wa direbobi zamanin kifi, kowane kwando da tsumman da na ɗaura masa. Amsar iri uku ce, kowace da launin da take nunawa a waya. Kore: an karɓa, ga ranarka. Ja: an ƙi, ga dalili. Sai ruwan ɗorawa: an aika, an sake aikawa har sau uku, shiru, ba mu san abin da ya faru ba. Duk wanda ya san netwok ɗin fadamar Gulma ya san ruwan ɗorawa ba baƙo ba ne.

Wata rana Alhaji, shugaban ƙungiya, ya kawo baƙi su ga ci gaba. Injiniya Bashar, shugaban sashenmu, ya miƙa masa waya ya danna da hannunsa mai albarka. Netwok bai san Alhaji ba. Waya ta yi ruwan ɗorawa a gaban baƙi.

Suna fita Injiniya ya kira ni.

"Inna, wanga laburare naki ba shi da ladabi."

"Ranka shi daɗe, mi ya yi?"

"Alhaji da kanshi za shi danna, a ce mishi ba a ji ba? Daga yau in anka yi daƙiƙa goma shiru, shi ce an karɓa, inji na tafe cikin mako. Daga baya a gyara."

"Wa za shi gyara? Aiken bai iso ba. Saba ba ta san da shi ba, balle ta gyara."

"Ke ba ki yi karatun da zurfi ba. A manyan kamfanoni ana kiran wannan kyautata zato."

"A tashar Argungu ƙarya muke ce mishi."

Na ƙi. Ranar Juma'a na tafi bikin suna a Ambursa, shi kuma ya zauna ya ƙara layi huɗu a laburaren da hannunsa. Dokar sashen, wadda shi ya kafa, ita ce ba a canza ko harafi ɗaya sai mutum na biyu ya karanta. Ashe dokar ta ƙananan ma'aikata ce.

Daga ranar duniya ta zama kore. Malaman gona suka daina kira suna ƙorafi. Alhaji ya yaba wa Injiniya a taro, har wani ya ba da shawara a rubuta wa kamfanin waya takardar godiya. Laifina ɗaya ne, kuma na ɗauka: na ga koren ya yi yawa, ban bi sawu ba. Na zaci an gyara ƙarfen netwok. Mace irina, da ta san kifin da ya cika sheƙi da yamma sai an shinshina shi!

Larabar da nake faɗa, wani dattijo ya shigo ofis da ƙurar hanya a rigarsa. Malam Umaru, daga Gulma. Ya yi sallama, ya gaida kowa har masinja, sannan ya tsaya gaban teburin Injiniya.

"Ni ba faɗa na zo ba, yallaɓai. Na zo in ga injin da idona. Kwana goma sha biyu ke nan anka ce yana tafe. Na ce ko da ƙafa shika tahowa, in tarbe shi a hanya."

Ya zaro zangarniyar shinkafa daga aljihu, ya girgiza ta sau ɗaya. Ƙwaya ta zube a kan takardun Injiniya kamar tsakuwa. Ta bushe ta wuce lokaci. Ya ce ranar da aka nuna masa kore ya sallami masu lauje da ya riga ya yi magana da su. Yanzu ga tsuntsayen jan-baki suna yini a gonar, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ruwan farko in ya sauka a fadama, abincin gidansa na shekara ya zama na kifi.

Na duba saba. Babu sunansa, aikensa bai taɓa isowa ba. Na buɗe laburare, ga layi huɗu suna kallona.

Kafin la'asar takarda ta iso teburina: in yi bayani cikin awa ashirin da huɗu dalilin da ya sa laburaren da ke hannuna ya yaudari manoma. Injiniya yana tsaye a kaina. Na karanta, na ninke.

"An karɓa," na ce.

"Amsar ke nan?"

"Daga baya a gyara, ranka shi daɗe."

Ban bar shi a nan ba. Laburare yana da tarihi, duk wanda ya taɓa shi sunansa da lokacin suna nan. Na buga shafin, na manne shi a bayan takardar tuhumar, na kai wa sakataren Alhaji. Sannan na goge layin huɗu, na sa abokin aikina ya karanta kamar yadda doka ta ce, ruwan ɗorawa ya dawo bakin aiki.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Mu mutane ne da ba mu son ce wa babba a'a, har na'ura muke so mu koya wa kunya. Amma "an ƙi" ba ta taɓa kashe shinkafar kowa ba. Wanda aka ce wa an ƙi, ko ba a ji ba, zai wasa laujensa. "To" ɗin ƙarya ita ke zaunar da mutum gindin bishiya yana kallon hanya. Ɗan aiken da ke ƙirƙiro amsa don kada ran maigida ya ɓaci, gara ba a aike shi ba.

Gyaran bai isa ba, don waɗanda aka riga aka yi wa ƙarya suna can suna jira. Washegari ban je ofis ba. Na hau motar Argungu, na karɓi wayar malamin gona, na gwada lambobin aiken da suka fita da waɗanda saba ta gani. Aiken mutum goma sha ɗaya bai isa saba ba. Na hau kabu-kabu zuwa Gulma, na bi su gona-gona ina faɗa da bakina: "Ba a karɓa ba. Inji ba shi zuwa. Ku nemi lauje."

Malam Umaru na tarar a duƙe shi da 'ya'yansa, sun riga sun fara. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Madalla. Yau na ji magana daga ofishinku." Ya dubi gabas, ya dube ni, ya miƙo mini lauje.

Na ɗaure gyalena a ƙugu na shiga.