Niƙan Masu Ciki

Shekara talatin da biyu Mai Inji ya yi yana niƙa a wani ɗan shago bayan kasuwa, mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya. Gari ya zauna masa a gira da gemu har ba wanda ya san ranar da furfura ta fara fito masa. Ƙarar inji ta cinye masa kunnen hagu, duk mai magana da shi sai ya zagayo ta dama.

Abin taƙamarsa farin gari ne. Yakan surfe hatsi tas, ya niƙa sau biyu, ya murza garin tsakanin yatsunsa kafin ya miƙa wa mai shi. Dusar kuwa buhu yake tara ta a bayan ƙofa, masu kiwon kaji su zo su kwasa.

Da autarsa ta samu cikin fari, a wata na biyar abinci ya fita daga ranta. Cikinta ya cushe, sai ta yi kwana huɗu ba ta zaga ba. Uwarta ce ta raka ta awo, ita ce kuma ta dawo ta ba Mai Inji labari.

Ungozoma ta ce juna biyu kansa yana rage wa hanji sauri, ƙwayoyin ƙarin jini kuma suna daɗa taurin bayan gida, amma kada Auta ta kuskura ta daina shan su. Ta riƙa cin wake da ganye, lemo ta cinye shi da tsokarsa maimakon ta tsotse ruwan ta yar, ta yawaita shan ruwa, ta ɗan riƙa tattaki. Sannan ta tambayi irin garin da suke ci. Uwar ta gyara zama ta ce ai mijinta ne mai niƙa, garinsu ko ƙwayar dusa babu. Ungozoma ta ce to, abin da zai share wa yarinyar hanji shi ake zuba wa kaji.

"Haka ta ce? Kaji?" in ji Mai Inji.

"Haka ta ce, Baban Auta. Ni dai saƙo na kawo."

Kwana biyu yana cika yana batsewa, yana cewa wai wadda ba ta taɓa ɗaura bel a inji ba ce za ta koya masa aiki. A rana ta uku ya auni hatsi, ya tsince tsakuwa, ya wanke, ya shanya, ya niƙa shi da dusarsa. Garin ya fito ja-ja-ja. Sai da ya ninka leda biyu kafin ya fita da shi, don kada maƙwabtan shago su ce hannunsa ya lalace.

Auta ta ɗauki abin da zafi, ta ci da yawa lokaci guda, cikinta ya kumbura da iska. Ungozoma ta ce a bi a hankali, a fara haɗa shi rabi da rabi da farin, a ƙara ruwan sha. Cikin kwana goma Auta ta samu sauƙi, ta koma cin abincinta.

A layin awo ta ba na kusa da ita labari. Ba a yi wata ba mazaje suka fara tsayawa a ƙofar shagon suna sosa ƙeya, suna cewa an aiko su niƙan masu ciki. Mai Inji ya ware musu safiyar Laraba, kafin a fara surfe.

Auta ta haifi 'ya mace lafiya. Har yau in an tambayi Mai Inji, cewa yake farin gari ya fi kyau a ido, kuma ba ya ƙara komai a kai. Matarsa dai ta ce tun bara jan yake kawowa gida, wai ragowar na Laraba ne, kada ya lalace.