Wankan Jegon da Na Yi a Japan

A Doha na haifi ɗana na fari, a wani ɗan gidan sama a unguwar Al Sadd, inda ba murhu ba tukunya, balle ganyen darbejiya. Inna ba ta samu biza ba. Wankan jego dai ban yi ba, sai 'yar watsa ruwa a tsaye, ina sauri kar yaro ya farka. Kullum a waya cewa take sanyi ya riga ya shige ni, ni kuwa in ce canfi ne, ni da nake nas. Amma bayana bai daina ciwo ba, kuma rashin wankan nan yana cin raina fiye da yadda nake nunawa.

Bayan yaye, wata abokiyar aikina 'yar Japan ta ja ni garinsu hutu. Na taɓa ba ta labarin, ashe ta riƙe. Wata yamma ta ce yalla, tashi mu je, ta kai ni wani tsohon gidan wanka na unguwa, mai dogon bututun hayaƙi da akwatunan katako na ajiye takalma.

Muna shiga ɓangaren mata na kusa juyawa. Tsofaffi ne tsirara haihuwar uwarsu, suna ta hira kamar a gidan biki, ni kuma ga ni da zani ɗaurin ƙirji. Ƙawata ta ce ba a shiga kwamin ruwan zafin da ko ƙyalle, kuma sai an cuɗa jiki tas a waje tukuna. Na ce wallahi ba da ni ba. Sai idona ya faɗa kan 'yan kujerun tsugunno da ƙananan bokitai a jere, sak makewayin gidanmu na Zariya. Dariya ta kama ni har zanin ya kwance da kansa. Ba wadda ta ko kalle ni, har na ɗan ji haushi.

Sosona irin na gida da na taho da shi ne ya tara mini jama'a. Suka yi ta miƙa wa juna suna shafawa. Ƙawata ta yi wa wata 'yar tsohuwa mai ƙusumbi bayanin wankan jegon da ban samu ba, ita kuwa ba ta tambaye ni ba, ta karɓi soson ta hau dirzar bayana kamar na yi mata laifi. Sannan ta ja hannuna zuwa kwamin ruwan. Zafi! Na zabura zan fito, ta danne kafaɗata tana yi mini faɗa da yarensu. Na gane faɗan sarai, irin na Inna ne. Na zauna har wuya, ina dariya ina hawaye, gumi ya rufa mini asiri.

Muna fitowa na kira gida, jikina laƙwas.

"Inna, na yi wankan."

Sai ta tambaye ni wa ya cuɗa mini baya. Na ce wata tsohuwa ce, ko sunanta ban sani ba.

"Koma ki yi mata godiya," in ji Inna. "Aikina ta yi."