Mai Yatsu Huɗu da Kofi Biyu

Ko da zan manta duk shekarun da na yi ina koyarwa a Makera, akwai abu guda da ba zai taɓa fita raina ba, kuma daga ƙwacen littafi ya faro.

A lokacin 'yan aji biyar nake koyarwa, kullum da safe in hau Keke Napep daga Tudun Wada in tsallaka gada. Yaran nan sun addabe ni da wasu ƙananan littattafan labarin zane, na fotokwafi, da suke ɓoyewa a cikin littafin lissafi. Ni kuwa ba na wasa, wanda na kama sai in ƙwace. To amma Allah ya yi ni da shegen son sani. Da an fita tara sai in jawo durowa in karanta abina, ina dariya ni kaɗai.

Labaran ba abin da ya haɗa su. Akwai na wani ɗan ƙwallo, akwai na wata 'yar sanda mai kama ɓarayin waya, akwai na mafarautan zamanin da. Sai na lura da wani mutum. Ba shi ne jarumi ba, ko suna ba shi da shi. A labarin ƙwallo yana zaune bakin fili. A na 'yar sanda yana ƙofar caji ofis. A na mafarauta ma, jama'a, ga shi nan gindin tsamiya da hularsa! Iyakar aikinsa ya nuna wa jarumi hanya. Kuma kullum da kofin shayi biyu a gabansa, yana shan ɗaya, ɗayan ba mai taɓawa.

Na tambayi yaran. Wata ta ce, "Anti, aljani ne." Wani ya ce ƙarya take yi, mai zanen ne bai iya wata fuskar ba. Musu ya kaure har sai da na buga tebur.

Abin da ya hana ni sakat hannunsa ne. Na ƙirga yatsun dama, huɗu. Na ce kuskure ne. Na buɗe wani littafin, huɗu. Mahaifina ma fa haka yake, inji ne ya cinye masa ƙaramin yatsa lokacin yana aiki a masaƙa a Kakuri. Da na ƙara kallon yadda mutumin ya karkata hula kan kunnen hagu, sai na ga sak yadda mahaifina yake sa tasa.

Ana tashi daga makaranta na nufi Kakuri da tambaya. Wani mai fotokwafi ya kwatanta mini wani ɗan shago bayan tsohuwar masaƙa. Na tarar da dattijo, mutumin kudancin Kaduna, da gilashi mai kauri, hancinsa kamar zai taɓa takarda.

Bayan mun gaisa na ce, "Baba, don Allah wane ne wannan da yake yawo a labarin kowa?"

Ya yi dariya. "Malama, ke ce babba ta farko da ta tambaya. Ni mai zanen atamfa ne a da. A masaƙa kowane mai zane yana da 'yar alamar da yake ɓoyewa cikin zanensa. Ni yanzu tawa alamar mutum ce."

Ya ce mutumin abokinsa ne, tare suke shan shayi kullum a bakin get ɗin masaƙa. Idan azumi ya zo shi ma sai ya haƙura da nasa, don kada ya sha a gabansa. Da rikicin addinin nan ya raba garin Kaduna, kowa ya koma gefen da nasa suke, shi yana ƙauye. Ya dawo ya tarar da ɗakin abokin a buɗe, ba kowa. Ba waya a lokacin, bai san ko yana raye ba.

"Na ce wata rana wani yaro zai tsallaka ruwa da littafin," in ji shi. "Amma ido ya gaji, 'yata. Bayan Kirsimeti yara za su mayar da ni gida."

Ban gaya masa zancen mahaifina ba. Tsoro nake kada in yi masa alƙawarin da ba zai cika ba, domin tun da muka tashi daga Kakuri mahaifina bai sake taka gadar nan ba. Ko biki ne sai ya ce ƙafa ke damunsa.

Da na koma gida na ajiye wa mahaifina littattafan a kan tabarma. Ya daɗe yana buɗewa. Can ya ce, "Har yau ɗan banzan nan bai iya hancina ba." Ya ɗora yatsa a kan kofi na biyu, ya ce in goge masa babbar riga.

Washegari a cikin keke, muna hawa gada ya damƙe ƙarfe yana salati ƙasa-ƙasa. Na ce, "Abba, mu koma?" Ya harare ni.

Da muka isa shagon ya yi sallama. Dattijon ya ɗago, bai gane fuskar ba, idon ya riga ya yi nisa. Sai da suka yi musabaha. Na ga ya riƙe hannun bai saki ba, yana lalubar yatsun ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo gurbin na biyar ya ce, "Mutumina!" Ni dai waje na fita na yi kukana, na kira musu mai shayi.

Littafin ƙarshe da ya zana na 'yar sandar ne. A shafin baya mutum biyu ne zaune a benci, kowa da kofi a hannu. Yarana suka yi ta ƙorafi, "Anti, wannan kuma daga ina ya fito?"

Dukansu biyu sun rasu yanzu, amma sai da suka sha shayin da ya rage musu. Tun daga ranar na koyi duban mutanen da ke gefen labari, a takarda da a titi. Wanda ka ɗauka cikon wuri ne, wataƙila saboda shi wani ya zana labarin gaba ɗaya.