Ranar da Baba Ya Ƙi Sauka Daga Keke

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sada, Allah ya jiƙansa. Amma har gobe in ka je Karare ka nemi gidanmu da wannan suna, sai a yi ta kame-kame. Ka ce gidan Ƙi-Sauka, kowa zai nuna maka. Sunan nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Lokacin yaƙin Hitila aka ɗauki Baba soja. Da aka ga ya iya keke, sai aka sa shi cikin masu kai saƙo, don hanyoyinmu na lokacin mota ba ta bin su. Wata rana aka haɗa shi da wani Baturen soja mai neman samarin da za a ɗauka soja. Baba na gaba yana nuna hanya, Baturen da sajensa na biye, kowa bisa kekensa. Ƙa'idarsu ita ce duk garin da ɗan jagora ya sauka, nan za a tara matasa a zaɓi majiya ƙarfi.

Hanya ta biyo da su ta ƙofar gidanmu. Kakana na zaune da dattawa gindin tsamiya, samari na gefe suna ɓarar gyaɗa. Kowa ya san al'adarmu: ko bisa jaki kake, ka hango babba sai ka sauka, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa. Baba ya dubi mahaifinsa, ya ƙara taka feda, ko sallama babu. Tsohon har ya miƙe yana cewa, "Sada ne?" Sai ƙeyarsa ya gani.

Kafin Baba ya dawo daga yaƙin Bama, kakana ya rasu da wannan ɓacin rai. Gari kuwa ya gama yanke hukunci, wai kakin Nasara ya hau masa kai. Har ya tsufa ba a taɓa aikensa neman aure ba, ba a kiransa sulhu. Wa zai tura marar ladabi gaban manya?

Ni kaɗai ya faɗa wa dalili, muna yankan gero. Ya ce, "Da na sa ƙafa ƙasa, da ƙannena da 'ya'yan maƙwabta sun tafi." Na ce to, Baba, me ya hana ka faɗa? Ashe da Baturen ya gaji ya fara tsawa, sai Baba ya sauka a wani ƙauye can wajen Safana, kuma cikin waɗanda aka kwasa a can akwai waɗanda ba su dawo ba. Ya ce da wane baki zai wanke kansa da hawayen iyayen wasu?

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, da babura ke faɗo mana ƙauyuka da bindigogi. Na san shiru zai yi yadda ya saba, shirun nan da ya gadar mana, wanda wallahi ya ishe ni.

Watan jiya aka haifa mini jika, na ce a mayar masa da sunan Baba. Sai kakan yaron na wajen uwa, Alhaji Rabe, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, a duba dai, kada yaro ya ɗauko hali." Haba! Mahaifin Alhaji Rabe fa yana cikin masu ɓarar gyaɗar nan, saurayi ne ƙaƙƙarfa, irin wanda ake fara nunawa. Na haɗiye maganar saboda taro, aka raɗa wa yaro Sada.

Baba bai bar mana lambar yabo ba, keken ma na barikin ne, ya mayar. Abin da ya bari shi ne zuriyar samarin nan, suna nan suna yawo a kasuwar Batsari da 'ya'yansu da jikokinsu, suna kiransa da sunan banza. Mutanen wancan ƙauye su yafe masa, ni ma su yafe mini da na tona. Kai kuwa Alhaji, ga amsarka: da mutumin nan ya yi ladabin da kuke so, da wuya a haife ka.